Baƙin man a-kori-kura a Katsina: wane kauri ya dace da injinka, kuma bayan kilomita nawa za a yi juye?

Duk wanda ya taɓa kai a-kori-kura gareji a Katsina domin juye ya san yadda maganar take farawa. Mai shago zai jera galan biyu ko uku a kan benci, bakanike kuma ya ɗora hannu a kan wanda aka rubuta wa 20W-50 ya ce, "Alhaji, ƙasarmu ta zafi ce, wancan mai ruwa-ruwan na ƙasashen sanyi ne, ba zai riƙe maka inji ba." Na ji wannan magana daga bakin makanikai da nake girmamawa, waɗanda suka fi ni sanin cikin inji nesa ba kusa ba, kuma akwai motocin da maganar ta yi daidai a kansu. Sai dai a-kori-kurar da ke zirga-zirga yau tsakanin Katsina, Daura, Jibiya da Funtuwa ba iri ɗaya ba ce. Akwai tsohuwar Peugeot 404 da 504 da aka harhaɗa a Kaduna, akwai Hilux mai fetur da mai dizal, akwai Mitsubishi L200 da Nissan da Isuzu da Ford Ranger, ga kuma Tacoma da Tundra da aka shigo da su daga Amurka. Zuba musu mai iri ɗaya, da yi musu juye a lokaci ɗaya, shi ne kuskuren da na fi gani, kuma kuskure ne da ba ya nuna kansa sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da babu wanda zai tuna ya danganta lalacewar da galan ɗin da aka saya.

Ya kamata a fara da lambobin da ke jikin galan, domin yawancin gardamar tana tasowa ne daga rashin karanta su daidai. Tsarin lambobin na wata ƙungiyar injiniyoyin motoci ce ta Amurka da ake taƙaita sunanta da SAE. Lamba ta farko, wadda harafin W ke bi, tana nuna yadda man ke gudana idan ya yi sanyi, kuma harafin farkon kalmar hunturu ne a Turanci. Ana gwada mai lamba 0W a sanyin digiri 35 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyas, 5W a 30, 10W a 25, 15W a 20, sannan 20W a 15 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu ita ce kaurin man bayan ya yi zafi har digiri 100, wato kusan zafin da yake kaiwa a cikin injin da ke aiki. A ma'aunin kauri da ake kira santistok, wanda ruwan sha yake kusan 1 a cikinsa, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai lamba 50 kuma tsakanin 16.3 da 21.9. Saboda haka 5W-40 da 15W-40 kaurinsu aji ɗaya ne idan inji ya ɗau zafi, bambancinsu yana fitowa ne da safe kawai, kamar yadda manja ke daskarewa a kwalba da asubahin hunturu amma ya zama ruwa da zarar ya ji wuta.

A nan ne hujjar zafin ƙasa take da rauni. Gaskiya ne cewa daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a Katsina da Daura yakan kai digiri 40 har ya ɗan wuce, amma man da ke cikin inji ba zafin rana yake bi ba kai tsaye. Lagireto da fanka da tamostat ne ke tsayar da zafin inji, kuma a mota mai lafiya man yakan zauna tsakanin digiri 90 zuwa 110, ko a bazara ko a damina. Zafin waje da nauyin kaya suna ƙara masa wani abu, shi ya sa ake iya hawa mataki ɗaya a kauri, amma ba sa ninka shi. Akwai kuma wani lissafi da ya taɓa ba ni mamaki: a zafin digiri 40, wato motar da ta yini a rana ba a tayar da ita ba, mai 5W-30 da ake yi wa kallon ruwa yana da kaurin kimanin santistok 60, alhali 20W-50 da ya ɗau zafin aiki kaurinsa kimanin 18 ne kawai. Ke nan a lokacin tayarwa ko man da ya fi kowane tsinkewa ya fi kaurin da injin ke bukata, 20W-50 kuwa a wannan lokacin yana wajen 150 ko sama, kuma da asubahin Disamba da Janairu, lokacin da sanyi ke sauka zuwa digiri 12 ko 13, ya fi haka nauyi sosai. Daƙiƙoƙin da famfon mai ke ɗauka kafin ya tura man zuwa saman inji suna cikin lokutan da ƙarfe ya fi gogar ƙarfe.

Mai lamba ɗaya tilo, wato SAE 40, shi ne mafi araha, kuma shi ne aka fi aunawa a kwalba daga duro. Idan ya yi zafi kaurinsa daidai yake da na 15W-40, amma da sanyi ya fi shi nauyi, kuma yawancin wanda ake samu a kasuwa na tsohon aji ne mai ƙarancin sinadaran wanke inji. Yana da wurinsa a tsofaffin injinan nika da wasu janareta, amma ban ga dalilin zuba shi a a-kori-kurar da ake fatan ta daɗe ba, tunda 15W-40 yana yin duk abin da yake yi ya kuma ƙara.

20W-50 kuwa yana da motocinsa, kuma bai kamata a raina shi ba. Injin Peugeot 404 da 504 an tsara shi ne a zamanin da giɓin da ke tsakanin karanshaf da metal ya fi na yanzu faɗi, kuma duk wadda ta rage a hanya yau ta yi tafiyar da ta ƙara buɗe wannan giɓi, an kuma yi mata ringin ba sau ɗaya ba. Irin wannan inji, idan aka lafta masa buhunan gero ko tumakin kasuwar Mai'aduwa a tsakiyar bazara, yana bukatar man da zai cike giɓin ya riƙe ƙarfin famfo, kuma 20W-50 ne ke yin haka. Haka ma tsofaffin a-kori-kura na Japan masu kafireto da suka fara shan mai. Abin lura shi ne mai kauri yana rufa wa tsufan inji asiri ne, ba ya warkar da shi. Idan fitilar mai tana ƙyafta ido a lokacin da inji ya yi zafi mota na tsaye, ko salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, ƙara kauri zai jinkirta ranar gyara, kuma wannan ma riba ce ga mai neman abinci da mota, muddin ya san cewa jinkiri ya saya. Aibinsa kuwa shi ne inji yana wahala wajen juya shi, fetur yana ɗan ƙara tafiya, kuma mai kauri ba ya saurin kwashe zafi kamar mai gudu, domin aikin baƙin mai bai tsaya ga santsi ba, har da sanyaya sassan da ruwan lagireto ba ya kaiwa.

Ga a-kori-kura mai dizal da ba ta da matatar hayaƙi a jikin salansa, irin Hilux mai inji 5L, ko 2KD mai lita 2.5, ko 1KD mai lita 3.0, da takwarorinsu na L200 da Isuzu na wannan zamani, ra'ayina ya tsaya a kan 15W-40 na dizal, kuma dalilin bai tsaya ga kauri ba. Injin dizal yana zubar da baƙin toka mai yawa cikin mai, kuma man dizal ɗin da ya ƙone yana barin sinadari mai tsami da ke cin ƙarfe, musamman idan yana da salfa, wato farar wuta, da yawa. Shekaru masu yawa ƙa'idar Najeriya ta yarda da dizal mai salfa har kashi 3,000 cikin miliyan, a lokacin da Turai ta tsaya a kashi 10. An tsaurara ƙa'idar daga baya, amma mai motar da wani lokaci yakan sha mai a jarka a ƙauye ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba masa. Man 15W-40 da aka yi domin manyan motocin dizal yana ɗauke da sinadaran kashe tsami da na riƙe toka fiye da man motocin fetur, kuma shi ne abin da ake bukata a nan. Wanda ke da hali zai iya sayen 5W-40 ko 10W-40 na dizal, ya samu saurin gudu da safe ba tare da rasa kauri da rana ba, abin da ke da amfani ga turbo, wanda ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya a kan ɗan siririn mai. Zuba 20W-50 na fetur a injin dizal mai turbo kuwa kuskure biyu ne a galan ɗaya.

Akwai togiya guda mai muhimmanci. Sababbin a-kori-kura masu dizal da aka shigo da su daga Turai yawanci suna da matatar hayaƙi a jikin salansa da ake kira DPF, kuma wannan matata tana toshewa da tokar da man 15W-40 na gargajiya ke bari. Irin waɗannan motoci suna son mai maras toka da yawa, wanda a jikinsa za a ga alamar ƙa'idar Turai, wato ACEA C2 ko C3, ko kuma DL-1 a wasu motocin Japan, galibi a kaurin 5W-30 ko 0W-30. Matsalar ita ce wannan man yana da ƙarancin sinadarin kashe tsami, domin an yi shi ne da tunanin dizal mai tsabta, don haka a wurinmu ba ya jure dogon zango. Wanda ya sayi Hilux mai inji 2.4 ko 2.8, irin waɗanda suka fara fitowa a 2015, ya kamata ya fara tabbatar da ko motarsa tana da wannan matata kafin ya yanke shawara, tunda inji ɗaya ne amma an yi wa kasuwanni daban-daban shiri daban.

Inda gardama ta fi zafi shi ne Hilux mai fetur, mai inji 2TR na lita 2.7, wadda ta cika ma'aikatu da hannun 'yan kwangila da manyan manoma. Wannan inji yana da tsarin VVT-i, wanda ke amfani da matsin baƙin mai wajen sauya lokacin buɗewar bawul, ta cikin ƙananan hanyoyi da 'yar matata mai ƙananan idanu. Littattafan da Toyota ke bayarwa a ƙasashe masu zafi sukan kawo jadawali da ya yarda da kauri fiye da ɗaya gwargwadon yanayi, shi ya sa ba zan ce 20W-50 zai kashe wannan inji cikin wata guda ba, kuma wanda ya faɗi haka ya zarce. Abin da zan ce shi ne an yarda da abu daban, ya fi dacewa daban. Ga injin da bai fara shan mai ba, 5W-30 ko 10W-30 ya wadatar, yana isa saman inji da wuri, yana barin tsarin bawul ya yi aiki yadda aka tsara, yana kuma rage shan fetur kaɗan. Idan motar ta yi tafiya mai yawa, ko aikinta ɗaukar siminti da taki ne kullum, hawa zuwa 5W-40 ko 10W-40 ko 15W-40 na fetur mataki ne mai hankali. Tsallake wannan duka zuwa lamba 50 a injin da ba shi da wata cuta biyan kuɗin fetur ne ba tare da samun komai ba.

Motocin Amurka su ne suka fi shan wahala a hannunmu. Tacoma mai inji V6 na lita 3.5, wadda ta fara fitowa a 2016, an rubuta 0W-20 a kan murfin baƙin manta, haka ma Tundra na shekarun baya-bayan nan, yayin da tsohuwar Tacoma mai lita 4.0 take neman 5W-30. Ba za a musa ba cewa dokokin rage shan fetur na Amurka suna cikin abin da ya tura kamfanoni zuwa ga mai tsinkakke, amma an kuma ƙera famfon mai da hanyoyinsa da giɓin metal ne daidai da shi. Littafin Toyota da kansa ya ambaci cewa mai da ya fi kauri zai iya fi dacewa idan ana gudu sosai ko ana ɗaukar kaya masu nauyi ƙwarai, kuma a kan haka nake ganin 5W-30 zaɓi ne mai kyau ga irin wannan mota a Katsina, musamman da yake ya fi sauƙin samu na gaskiya. Daga 20 zuwa 30 mataki ɗaya ne. Daga 20 zuwa 50 kuwa ninka kaurin ne har ya wuce biyu.

Zan ɗan ratse zuwa ga wata al'ada da ke da alaƙa da wannan, wato cire tamostat daga duk motar da ta shigo daga waje da sunan ƙasarmu ba ta bukatarsa. Injin da aka cire wa shi yana daɗewa bai kai zafin aiki ba, musamman a hunturu, kuma a wannan tsawon lokaci fetur da raɓar ƙonewa suna taruwa cikin baƙin mai maimakon su ƙafe. Idan aka haɗa wannan da mai mai kauri, an tara wa inji nauyi biyu kowace safiya.

Bayan kauri akwai haruffan API na cibiyar harkar man fetur ta Amurka, waɗanda mutane da yawa ba sa dubawa alhali su ne ke nuna ingancin sinadaran da ke cikin man. Na fetur suna farawa da S, kuma harafi na biyu yana gaba gwargwadon sabunta: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Na dizal suna farawa da C: CH-4 a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 a 2016. Galan da aka rubuta wa SF ko CD kaɗai na zamanin da ya shuɗe ne, ko da kaurinsa ya yi daidai. Ga mai fetur kada a yi ƙasa da SL, kuma sababbin injinan fetur masu turbo suna bukatar SP saboda yana kare su daga wata irin fashewar fetur kafin lokaci da ke iya fasa fistin. Ga mai dizal maras matatar hayaƙi, CH-4 ko CI-4 ya isa. Galan da yawa suna ɗauke da duka biyun, kamar CI-4/SL, wanda ke nufin na dizal ne da farko amma injin fetur ma zai iya sha.

Sai batun man gargajiya da ake tacewa daga ɗanyen mai, da kuma wanda ake kira sintetik. Sintetik ya fi jure zafi, ba ya saurin ƙonewa ya zama laka a cikin inji, kuma ya fi gudu da sanyi. Waɗannan duka gaskiya ne, kuma 0W-20 da yawancin 5W-30 dama a wannan aji suke. Inda ake ruɗuwa shi ne zaton cewa tunda an biya ninkin kuɗi, to an sayi ninkin kilomita. Sintetik yana jure zafi, amma ƙura da tokar dizal da fetur ɗin da ya zurara cikin kasko ba su san tsadarsa ba, suna gurɓata shi kamar yadda suke gurɓata mai araha. A hanyar ƙasa tsakanin ƙauyukan Baure ko Zango da rani, abin da ke ƙarar da mai shi ne datti, tun kafin zafi ya ƙarar da shi.

Wannan ne ya kawo mu ga lokacin juye. Kusan kowane littafin mota yana da jadawali biyu, na aikin yau da kullum da na aiki mai wahala, kuma na biyun yawanci rabin na farko ne. Ga Hilux a ƙasashe da yawa jadawalin farko shi ne kilomita 10,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Ga Tacoma da Tundra masu 0W-20 a Amurka mil 10,000 ne ko shekara ɗaya, amma ya koma mil 5,000 idan ana bin hanya mai ƙura, ko ana jan tirela da ɗaukar kaya masu nauyi, ko ana yawan barin inji yana aiki mota na tsaye. Wanda ya karanta waɗannan sharuɗɗa ya kuma dubi aikin a-kori-kura a ƙasar Katsina zai ga cewa jadawalin wahala shi ne namu na kullum, tun daga ƙurar hunturu da ke rufe gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu har zuwa lodin da ya wuce abin da aka ƙera motar ta ɗauka.

Duk da haka ba kowace kilomita ce take cin mai daidai da 'yar'uwarta ba, kuma misali biyu za su nuna haka. Mai a-kori-kurar da ke kai kaya Daura daga Katsina ya dawo kullum yana yin kimanin kilomita 160 a rana, wato kusan 1,000 a mako, ya cika 5,000 cikin mako 5. Tafiyarsa a kan kwalta ce, inji yana ɗaukar zafi sau ɗaya ya zauna a kai, kuma wannan ita ce tafiyar da ta fi sauƙi ga baƙin mai. Idan motarsa mai fetur ce kuma sintetik na gaskiya yake zubawa, kilomita 7,500 zuwa 8,000 ba ganganci ba ne, kuma yin juye a 3,000 kamar yadda wasu ke yi zubar da mai ne da sauran ƙarfinsa. Shi kuwa mai rarraba bulo ko ledojin ruwa a cikin gari, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Sauri, yana tsayawa yana tashi sau 20 a rana, da ƙyar zai yi kilomita 30, kuma sai ya kusa wata 6 kafin ya cika 5,000. Mitarsa tana nuna tafiya kaɗan amma mansa ya fi na ɗan hanyar Daura galabaita, don haka shi da kalanda zai yi lissafi, wata 3 zuwa 4, ko mita ta kai ko ba ta kai ba. Motocin sintiri da na rakiya da ke yini inji na aiki ana shan na'urar sanyi suna cikin wannan rukuni, domin wasu kamfanonin ƙera motoci suna lissafa awa ɗaya ta irin wannan tsayuwa a matsayin tafiyar kilomita 40 zuwa 50.

Ga dizal, ban yarda a wuce kilomita 5,000 ba a yanayinmu, ko da sintetik ne, sai dai ga wanda tafiyarsa duka ta kwalta ce kuma yana shan mai a gidan mai guda da ya amince da shi. Ga tsohuwar Peugeot da ire-irenta masu kafireto, waɗanda fetur ke yawan zurara musu cikin kasko ya tsinka man, 3,000 zuwa 4,000 ya fi aminci. Motar ma'aikata da ke ajiye ba ta fita sai jefi-jefi, a yi mata juye duk wata 6. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma farashin komai ya tashi, na ga masu motoci da yawa suna jan lokacin juye, kuma na fahimci dalilinsu sarai. Shawarata ga wanda aljihunsa ya matse ita ce, idan injinsa ya yarda da 15W-40 ko 20W-50, gara ya sayi na gargajiya na gaskiya ya juye a kan lokaci da ya sayi sintetik ya bar shi kilomita 12,000 don ya fanshe kuɗinsa.

Ba a auna ƙarewar mai da launinsa. Man da aka zuba wa injin dizal yakan yi baƙi cikin 'yan kwanaki da juye, kuma hakan alama ce cewa yana riƙe da tokar a cikinsa maimakon ya bari ta kwanta a jikin inji. Murza shi tsakanin yatsu ma ba ya nuna ko sinadaransa sun ƙare. Abin da geji, wato sandar auna baƙin mai, zai iya gaya wa mai mota shi ne abu uku: idan man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa yana shiga daga gasket, idan yana warin fetur ko dizal kuma yana ƙaruwa maimakon raguwa, nozul ko kafireto na zubar da mai, idan yana raguwa da sauri, ko dai yoyo ko ƙonewa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar bakanike a ranar, ba jiran lokacin juye ba. A kuma lura cewa galan mai lita 4 da ke cika Peugeot ba ya cika Hilux: mai fetur tana ɗaukar fiye da lita 5, masu dizal kuma wajen lita 7, kuma na sha ganin an juye galan ɗaya an rufe bonet ba a ciro geji ba.

Filtar mai a canja ta a kowane juye, domin tsohuwar tana riƙe da gurɓataccen mai, kuma idan ta toshe akwai wata ƙofa a cikinta da ke buɗewa ta bar man ya wuce ba tare da tacewa ba. Filtar iska kuwa a ƙasarmu ta kusa fin baƙin man kansa muhimmanci. Ƙurar da ta tsallake ta yashi ce mai laushi, tana goge ringi da bangon silinda, sauran kuma ya gangara cikin mai ya zagaya ko'ina. Busa ta da iska mai ƙarfi daga kusa yana iya yaga takardarta a inda ido ba zai gani ba, don haka a kakkaɓe ta a hankali, a canja ta idan hunturu ya wuce, a kuma tabbatar murfinta da robar da ke kai iska cikin inji ba su da tsaga.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a jikinsa ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha yin kame da gargaɗi kan jabun baƙin mai, wanda wani lokaci tsohon mai ne aka tace, wani lokaci kuma ɗanyen tushen mai ne da ba a saka masa sinadari ko ɗaya ba, aka ɗura a galan ɗin kamfanin da mutane suka sani. Araha ba ta ado a nan, kuma sintetik da ake sayarwa a farashin na gargajiya abin tuhuma ne. A saya a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, a duba hatimin murfi, a buɗe galan a gaban mai mota, kuma idan an gama a huda shi kafin a bar shi a gareji, domin galan mai lafiya da aka bari shi ne jarin mai jabu.

Wani abu ya faru da ƙanena da ya sa nake duba mitar kowace motar Amurka kafin a rubuta ranar juye na gaba. Ya sayi Tacoma, aka yi mata juye, yaron gareji ya duba mita ya ƙara 5,000 a kan lambar ya rubuta a takarda ya manna a gilashi, dukanmu kuma muka ɗauka kilomita ce. Mitar motar da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ke nan duk lokacin da muke zaton an yi 5,000 an yi 8,000, a motar da rabin aikinta a hanyar gona ne wajen Sandamu. Sai a juye na uku muka gane, bayan mun ga laka ta fara taruwa a ƙarƙashin murfin mai. Mai irin wannan mota da ke son juye a kilomita 5,000 zai ƙara 3,100 ne a kan abin da mita ta nuna, wanda kuma ke son kilomita 8,000 ya ƙara 5,000, sannan ya rubuta kwanan wata da kaurin man da aka zuba a gefen lambar, don wanda zai yi juye na gaba ya san abin da ya tarar a ciki.